A Rubuta Jinga, Amma Kada A Ɗaure Ɗan Ƙwadago

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na lura ba a cika tayar da ita ba a tarukan da ake yi kan bunƙasa aikin gona a Jihar Kano. Idan manyan ma'aikata suka tashi jawabi, za ka ji ana lissafa taki da iri da tarakta da madatsun ruwa, ana faɗin yawan buhunan da ake sa ran samu. Amma da wuya ka ji an ambaci mutumin da zai sunkuya ya yanke shinkafar, ya karye masarar, ya sare raken, ya ɗora a mota. A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, sau da yawa wannan mutumin ba ɗan garin ba ne. Baƙo ne da ya zo ƙwadagon kaka ko ci-rani, ba shi da gona a nan, ba shi da dangi, ba shi kuma da wata shaida da za ta nuna abin da aka yi masa alkawari.

Dalilin zuwansa ba ɓoyayye ba ne. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, damina kan riga sauka a can, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba. Shi ya sa masara da shinkafa da dawa da rake suke yin kyau tun daga Kwanar Dangora, a bi ta Tudun Wada, har zuwa gindin duwatsun Riruwai. Shi kuwa manomin Daura ko Kazaure ko Gumel, ko na Magarya da Tasawa a Jamhuriyar Nijar, yakan girbe geronsa tun cikin watan Satumba, ya zuba a rumbu, ya duba ya ga abin da ya samu ba zai kai iyalinsa wata damina ba. To, a daidai wannan lokaci ne aikin kaka yake kankama a kudu. Sai ya ɗauki lauje da 'yar jakarsa ya bi mota. Bugu da ƙari, tun da gwamnatin marigayi Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, ruwanta ya riƙa gangarawa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, aiki ya daina yankewa da ɗaukewar damina. Wanda ya gama bugun shinkafa a Tudun Wada yana iya saukowa ya kama dashen tumatir ko albasa, ya zauna har bazara.

Ƙwadagon gona iri biyu ne. Akwai na yini, wanda ake biya idan an tashi, kuma shi ba ya cika jawo rikici. Sannan akwai jinga, inda mai gona zai zagaya da jagoran ayarin leburori, a duba aikin, a yi ciniki, a sallama. Akan ba da ɗan kafin alƙalami, wani lokaci da abinci, sauran kuɗin kuwa sai an gama. A nan gizo yake saƙar. An gama aiki, sai a ce a jira a kai kaya kasuwa. Kasuwa ta ci, sai a ce farashi ya faɗi, a jira ta wani makon. Wani sa'in sai a ce ai tuwon da aka riƙa kai musu gona yana cikin lissafi, alhali kuwa ba a faɗi haka ba ranar ciniki. Wani sa'in kuma mai gona ya biya tsaf, amma kuɗin ya maƙale a aljihun jagora ko ɗan kamashon da ya haɗa su. Ɗan gari yana iya jira, tun da a gidansa yake kwana, kuma ya san ƙofar mai unguwa. Baƙon da yake kwana a zauren wani ko a rumfar kasuwa ba zai iya ba, domin duk kwanan da ya ƙara, abin da ya tara yake ci. Daga ƙarshe sai ya karɓi abin da ya samu, ya bar wa Allah sauran, ya kama hanya. Ban ce haka kowane manomi yake yi ba, masu cika alkawari sun fi yawa nesa. Abin da nake cewa shi ne, ranar da aka saɓa, babu abin da baƙon zai dafa.

Mai karatu zai ce ina doka? Dokar tana nan, sai dai kamar an ɗinka ta ne ba tare da an auna wannan mutumin ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da fara aiki. Jingar kaka kuwa ba ta kai wata uku, sau da yawa ko mako uku ba ta kaiwa. Haka nan dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024 aka kai adadin naira 70,000, Jihar Kano kuma ta tsayar da nata a naira 71,000, ta ware waɗanda suke aikin lokaci-lokaci irin na gona, da waɗanda ake biya bisa yawan aikin da suka yi, da ma'aikatan duk wanda mutanensa ba su kai 25 ba. Wato ta kowace ƙofa ɗan ƙwadago ya nufo, zai tarar an rubuta cewa ba da shi ake ba.

Idan aka kawo wannan magana gaban ma'aikatan gwamnati, abin da ya fi saurin zuwa bakinsu shi ne a kafa hukuma, a yi wa baƙi rajista, a ba kowa katin izini mai ɗauke da sunan manomin da zai yi wa aiki, har ma a riƙa ajiye masa wani abu daga ladansa don ya koma gida da jari. Shawara ce mai daɗin ji. Amma an taɓa gwada ta dalla-dalla a wata ƙasa, kuma ya kamata duk mai son kawo ta nan ya san yadda ta ƙare.

A ranar 4 ga Agusta, 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da maƙwabciyarta Meksiko suka ƙulla yarjejeniyar kai leburorin Meksiko gonakin Amurka, saboda manyan manoma sun yi kukan cewa yaƙi ya kwashe musu ma'aikata. Ana kiran waɗannan leburori birasero, wato masu aiki da damtse a harshen Sifaniyanci. An ce shiri ne na ɗan lokaci, amma sai da ya kai ƙarshen 1964, kuma a tsawon waɗannan shekaru 22 an sa hannu a kan takardun ɗaukar aiki kimanin miliyan 4.6, da yake mutum ɗaya yakan je ya dawo sau da dama. A takarda, babu abin da aka rage. An yanka lada mafi ƙanƙanta na santi 30 a awa ɗaya, an yi alkawarin masauki da kuɗin mota na zuwa da komawa, an kuma hana nuna musu wariya. Gwamnatoci biyu ne suka tsaya a kan maganar, ba mai unguwa da jagora ba.

To, me ya faru? Tun a bakin iyaka ake duba tafin hannun mutum, idan babu kanta a ce ba manomi ba ne. Waɗanda suka tsallake sai a tuɓe su, a fesa musu hodar kashe ƙwari ta DDT, kuma akwai hotunan wannan da aka ɗauka a 1956. A gona ana cire musu kuɗin abinci daga lada, ana cusa su a ɗakunan kwana marasa kyau, ana ba su aiki yau a hana su gobe. A Jihar Tekzas wulaƙancin ya yi yawa har gwamnatin Meksiko ta daina tura mutanenta can daga 1943 zuwa 1947. A Kalifoniya ana tilasta musu noma da gajeriyar fartanya, wadda ba a haramta ba sai a 1975. Na san Bahaushe zai yi murmushi a nan, tun da shi da gajeriyar fartanya aka haife shi. Amma manominmu yana miƙewa ya dafa ƙugu duk sa'ad da ya ga dama. Su kuwa, ɗaya daga cikin amfanin fartanyar ga mai tsaronsu shi ne, idan kowa yana sunkuye, daga nesa zai hango wanda ya miƙe.

Me ya hana su kai ƙara, alhali ga takarda a hannu? Abu ɗaya ne. Takardar da ta yi musu alkawarin lada ita ce kuma takardar izinin zamansu a ƙasar, kuma tana ɗaure da sunan wanda ya ɗauke su. Wanda ya bar gonar da ake cutarsa ya nemi wata, ya zama mai laifi a idon hukuma. Wanda ya ɗaga murya, sai a sa shi a mota a mayar da shi gida, a kawo wani daga dubban da suke jira a bakin iyaka. Saboda haka takardar ta fi tsare mai gona fiye da yadda ta tsare lebura.

Sai maganar ajiya. A shekarun farko na shirin ana cire kashi 10 cikin 100 na ladan kowane lebura, a kan za a tura bankunan Meksiko a ajiye masa, ya karɓa idan ya koma. An cire kuɗin, an tura, amma da yawa daga cikinsu ba su ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sai a 2001 tsofaffin da suka rage da 'ya'yansu suka shigar da ƙara a Amurka. A 2005 gwamnatin Meksiko ta kafa asusun biyan feso 38,000 ga kowane mutum, a 2008 kuma aka sasanta a kan wannan adadin, wajen dala 3,500, ga waɗanda suke zaune a Amurka. Kuma da sharaɗin mutum ya kawo takardun da suka tabbatar ya yi aikin. A duba fa, bayan shekara 60. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya, da yawa takardun sun ɓace. Duk wanda ya taɓa bin sawun kuɗin fanshon mahaifinsa daga ofis zuwa ofis ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Har a mutuwa ba su tsira da sunayensu ba. A watan Janairu na 1948 wani jirgin sama da yake mayar da leburorin Meksiko 28 gida ya faɗi a Kalifoniya, kowa ya halaka. Rahotanni da dama sun kawo sunayen matuƙa jirgin da mai gadi, su kuwa leburorin aka kira su korarru kawai, aka binne su a kabari ɗaya a birnin Fresno, ba a kafa dutse mai ɗauke da sunayensu ba sai a 2013. A ranar 17 ga Satumba, 1963, jirgin ƙasa ya banke wata motar ɗaukar kaya da aka mayar ta jigilar leburori a kusa da garin Chualar, mutum 32 suka mutu. Ina roƙon mai karatu ya tuna da wannan duk ranar da ya ga an loda mutane a kan buhuna a bayan babbar mota a hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, ya tambayi kansa, in wani abu ya faru, wa ya san sunayensu da garuruwansu?

Kada kuma mu ɗauka wannan labarin wasu ne can. Mu ma mun yi baƙunta a gonakin mutane. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira a ƙasar Sudan, Hausawa da Fulani da Barebari masu tafiya Makka a ƙasa suna cikin waɗanda suka riƙe aikin cirar audugar, wasu suka zauna can, aka daɗe ana kallon har jikokinsu a matsayin baƙi. A Gana kuwa, a watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, ciki har da waɗanda suka yi shekaru suna wahala a gonakin koko. Mu ma da muka samu dama ba mu yi abin kirki ba: a watan Janairu na 1983 Nijeriya ta kori baƙi wajen miliyan biyu, aka sake wata korar a 1985, kuma 'yan Nijar suna ciki. Amurka ta yi irin wannan a 1954, tana cikin shigo da birasero da hannu ɗaya tana korar 'yan'uwansu marasa takarda da ɗaya hannun. A duk irin wannan kora, wanda yake bin bashi shi yake tafiya, wanda ake bi ya zauna.

Wannan ya sa matsayin ɗan Nijar a gonakinmu ya zama abin dubawa yanzu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, wanda ya ishi aikin kaka. Amma an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025. A lokacin ficewar ƙungiyar ta nemi a ci gaba da barin mutane suna zirga-zirga har zuwa wani lokaci. Hakkin da ya rataya a kan "har zuwa wani lokaci" ba abin dogaro ba ne, kuma mutumin da ba shi da tabbacin matsayinsa ba ya zuwa gaban hukuma neman cikon kuɗin jinga.

Adalci ne a saurari manomi shi ma. Mafi yawan masu ɗaukar 'yan ƙwadago a Kiru ko Bebeji ba attajirai ba ne. Mutum ne da ya ci bashin taki, ya sayi maganin feshi da tsada, tun cire tallafin man fetur a 2023 kuma kuɗin huɗa da na dako suka ninka masa, kuma da gaske ba shi da tsabar kuɗi sai ya sayar. Yana da nasa kukan: an karɓi kafin alƙalami an gudu, an yi masa aikin ganin ido, an bar rabin shinkafa a cikin kara. Ga kuma fargabar tsaro, musamman a garuruwan da suke maƙwabtaka da dajin Falgore, inda ɓarayin shanu da masu satar mutane suka sha addabar jama'a. Mai unguwan da ya ce yana son sanin baƙin da suka kwana a unguwarsa bai yi laifi ba. Sai dai duk waɗannan koke-koke, idan aka duba, maganinsu ɗaya ne da na kukan leburan.

Abin da nake ba da shawara ƙaramin abu ne, bai kai a kafa masa hukuma ba. A ajiye littafin jinga a hannun kowane mai unguwa a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu. Duk jingar da za ta wuce yini ɗaya, a rubuta sunan mai gona, da sunan kowane lebura da garinsu, ba sunan jagora kaɗai ba. A rubuta aikin, da kuɗin, da abin da aka bayar tun farko, da wanda abinci yake wuyansa, da ranar biya. Idan sai an sayar za a biya, to a faɗa tun ranar ciniki a rubuta, wanda ya yarda ya yarda. A karanta a bainar shaidu biyu, da boko ko da ajami, leburori su tafi da kwafinsu, ko da hoto ne a waya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take, kuma ladan da aka jinkirta bashi ne.

Amma da sharuɗɗa, kuma su ne gishirin maganar. Kada wannan littafi ya zama izinin shiga gari ko na neman aiki. Wanda ba a rubuta shi ba bai yi laifi ba, kuma kada ɗan sanda ko ɗan sintiri ya tare mutum a hanya ya ce ina takardarka. Leburan da ya ga ba zai iya ba, yana da ikon barin aikin, a ƙiyasta abin da ya yi a biya shi, ko ya mayar da abin da ya karɓa fiye da aikinsa. Kada kuma a yarda kowa, ko ƙaramar hukuma ko ƙungiya ko jagora, ya riƙe ko da kobo ɗaya na ladan wani da sunan ajiya ko kuɗin rajista. Ranar da aka sa wa littafin haraji, ranar ya mutu, domin manomi da lebura za su haɗa baki su guje masa. Idan kuma aka saɓa, dagaci ya saurari maganar cikin kwana uku, tun da jinkiri shi ne makamin da ake cin baƙo da shi. In ta gagara, a miƙa wa ofishin Hisba na ƙaramar hukumar, waɗanda dama sun saba da sulhun bashi, kafin a kai ga kotu.

Za a ce masu unguwanni da yawa su ma manoma ne masu ɗaukar leburori, ko 'yan'uwan masu ɗauka. Gaskiya ne, kuma shi ya sa kwafin da yake hannun lebura ya fi littafin muhimmanci, shi ya sa kuma hakimai za su riƙa neman ganin littattafan a ƙarshen kowace kaka. Malaman gona na KNARDA, waɗanda dama suna zagaya ƙauyukan nan, za su iya bayyana wa manoma tsarin. Takardar kanta shafi ɗaya ce. Reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya yana nan a Bagauda, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, cike da ɗalibai masu koyon tsara yarjejeniya, kuma ba zai ɗauke su fiye da yini ɗaya ba su tsara ta da Hausa mai sauƙi. Abin da ya rage ga shugabannin ƙananan hukumomin huɗu shi ne kuɗin ɗab'i, da kuma raba littattafan kafin ƙarshen Satumba, lokacin da ayarin farko yake sauka a Kwanar Dangora.